Na samu aikin koyarwa a wata jami'a a Ingila: ta ina zan fara neman biza?

"Assalamu alaikum. Ni malami ne a sashen Kemistiri na wata jami'ar tarayya a Arewa. Na yi digirina na uku a Malesiya da tallafin TETFund, shekara biyu ke nan da dawowata. Wata jami'a a arewacin Ingila ta yi mini intabiyu ta intanet, kuma sun turo mini takardar ɗaukar aiki na shekara uku a matsayin lakcara, in fara a watan Satumba. Ina da mata da 'ya'ya uku, da kuma yaron yayana marigayi da nake riƙo. Wani ejan a Abuja ya ce in ba shi naira miliyan huɗu ya fitar mana da biza cikin mako biyu. In ba shi? Kuma yaushe ya kamata in ajiye aikina na nan?"

Wa alaikumus salam, Dakta. Barka da arziki, Allah Ya sanya alheri. Tambaya biyu ka yi, ta ejan da ta ajiye aiki, amma akwai ta uku a ƙarƙashinsu wadda ta fi su nauyi, wato me ya kamata ya riga me. Ni ma ta wannan hanya na zo, ina koyarwa a wata jami'a a nan Birtaniya, na zauna a kwamitocin ɗaukar malamai, kuma abokan aiki na gida kan turo mini takardunsu in duba kafin su miƙa. A abin da na gani, da wuya malamin da ke riƙe da takardar ɗaukar aiki ta gaskiya ya rasa biza don bai cancanta ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne wata takarda ta mutu kafin wata ta fito, ko kuɗi ya yanke a tsakiya, ko sunan da ke fasfo ya saɓa da na digiri.

Maganar ejan

Kada ka ba shi ko sisi. Bizar aiki ta Birtaniya a hannun mai ɗaukarka aiki take farawa. Jami'ar tana da lasisi daga ma'aikatar harkokin cikin gida ta ƙasar, kuma da wannan lasisin za ta fitar maka da shaidar ɗaukar nauyi, wadda kowa ke kira CoS. Wasu na zaton wata takarda ce mai hatimi da za a aiko ta DHL. Lamba ce kawai, haruffa da alƙaluma, za ta zo maka a imel tare da bayanin aikin, albashin, ranar farawa da ranar gamawa. Da wannan lambar za ka shiga shafin gov.uk ka cike fom da hannunka, ka biya da katinka, ka zaɓi ranar zuwa ofishin VFS Global a Abuja ko Legas a ɗauki hoton yatsunka. Babu gurbin ejan a ko'ina cikin wannan layi. Amsa kan fito cikin kimanin mako uku, kuma in kana gaggawa akwai kuɗin hanzartawa da ake biyan hukumar kai tsaye a yanke hukunci cikin kwanakin aiki 5. Mako biyun da yake tallata maka ke nan, abin da kai ma za ka iya saya da kanka.

Asarar miliyan huɗun ma ita ce ƙaramar. Ejan yana son fom ya yi kyau, don haka inda aka tambaya ko an taɓa hana ka bizar wata ƙasa sai ya danna "a'a" ba tare da ya tambaye ka ba, ko ya gyara bayanan asusun banki. In aka gano, kai aka kama da yaudara, kuma hukuncinta na iya kaiwa haramcin shiga ƙasar na shekara 10. Shi kuwa ya riga ya kashe wayarsa.

Tun da har ejan ya shigo maganar, ka tabbatar da aikin kansa tukuna. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa jerin duk ma'aikatun da ke da lasisin ɗaukar nauyin baƙi, kowa na iya saukewa ya nemi sunan jami'ar. Imel ɗin da ke zuwa maka ya ƙare da ac.uk, kuma ka nemo lambar ofishin kula da ma'aikata daga shafin jami'ar, ba daga cikin wasiƙar ba, ka kira. Jami'a ta gaskiya ba za ta ce ka biya kuɗin CoS ba, doka ma ta hana a ɗora wa ma'aikaci shi. 'Yan Najeriya da yawa sun sayar da filaye sun sayi CoS na aikin kula da tsofaffi, suka iso suka tarar babu aikin. Ka yi intabiyu da mutanen da za ka iya samun sunayensu a shafin sashen, don haka ina kyautata zaton naka na gaskiya ne, amma dubawar ba za ta ci maka rabin awa ba.

Wace biza daga cikin biyun

Galibin jami'o'i za su sa ka a bizar ƙwararrun ma'aikata, Skilled Worker, don ita suka saba. Sharuɗɗanta su ne CoS, da albashin da ya kai mizani, da shaidar Turanci. Tun 22 ga Yulin 2025 mafi ƙarancin albashi fam 41,700 ne a shekara, ko kuma abin da aka ƙayyade wa wannan sana'a in ya fi haka. Mai digiri na uku a fannin kimiyya da ya dace da aikin ana iya sassauta masa har zuwa fam 33,400, muddin ya kai kashi 80 cikin 100 na albashin sana'ar. Wannan lissafin ofishin ma'aikata ne zai yi kafin ya fitar da CoS, ba zai ba ka wahala ba.

Aibinta shi ne tana ɗaure ka da jami'a ɗaya. In ka samu wani aiki a wata jami'ar, sai sabuwar CoS da sabuwar biza da sabon kuɗi. In aka rage ma'aikata, kuma jami'o'in Birtaniya da dama sun yi ta ragewa a 2024 da 2025 saboda matsin kuɗi, hukuma kan taƙaita bizar zuwa kwana 60. Cikin kwanakin nan ko ka samu wani mai ɗaukar nauyi ko ka tattara iyalinka, yara suna tsakiyar zangon karatu ko ba sa.

Ɗayar ita ce Global Talent, kuma ita nake so ka tambaya kafin a fitar maka da CoS. A nan wata cibiyar masana ce ke ba da shaidar amincewa: Royal Society ga masu kimiyya irinka, British Academy ga masu fannin zamantakewa da adabi, Royal Academy of Engineering ga injiniyoyi, sai UKRI, hukumar tallafa wa bincike ta ƙasar, ga masu aiki ƙarƙashin tallafin bincike. Mutanenmu da sun ji sunan sai su ja da baya, suna ganin ta manyan furofesoshi ce. Alhali tana da wata ƙofa ta wanda jami'a ta ɗauka aikin da ke da jagorancin bincike a cikinsa, aka tallata gurbin, aka yi intabiyu gaban kwamitin malamai, aka karɓi shaidar masu tsaya masa. Jami'ar ce ke rubuta wasiƙar tabbatar da an bi waɗannan matakai. Lakcarori da yawa ta nan suka shigo. Ba ta buƙatar jarrabawar Turanci, ba ta da mizanin albashi, ba a neman ka nuna kuɗi a banki, kana iya sauya jami'a ba tare da neman izini ba, kuma bayan shekara 3 kana iya neman izinin zama na dindindin, maimakon shekara 5 na waccan. Matarka dai sai ta cika 5. Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba: kai ke zaɓar tsawonta, daga shekara 1 zuwa 5, don haka kana iya karɓar ta gajere ka rage nauyin kuɗin farko, ka sabunta bayan albashi ya fara shiga.

In aikin naka koyarwa ce zalla, babu bincike a cikin bayanin gurbin, wannan ƙofar ba za ta buɗe ba. Ka duba takardar. In ta ce koyarwa da bincike, ka rubuta wa ofishin ma'aikata layi biyu kana tambaya ko gurbin ya cancanci Global Talent ta hanyar naɗin malamai. Wani lokaci jami'in da ke riƙe da fayil ɗinka bai ma yi tunanin ta ba sai ka ambata. A ganina, ga mai kwantiragin shekara uku da iyali a bayansa, wannan tambayar ta fi duk sauran abin da zan faɗa maka daraja.

Abin da ya kamata ya riga wani

Mu ɗauka Skilled Worker ce. Da yake Kemistiri kake, farkon abin da zai tare ka shi ne ATAS. Tantancewa ce ta ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ga masu bincike a fannonin da ake tsoron a karkatar da iliminsu zuwa makamai: kemistiri, fiziks, injiniyanci, kimiyyar kwamfuta, wasu sassan lissafi da na ilimin halittu. Da ɗalibai kaɗai ta shafa, daga Mayun 2021 aka haɗa da ma'aikata masu bincike, kuma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka ɗauke wa. Kyauta ce, amma ita ce mai cin lokaci. Ana cewa a ba ta aƙalla kwanakin aiki 30, kuma tsakanin Afrilu da Satumba, lokacin da ɗalibai ke tururuwa, takan wuce haka, babu kuma kuɗin hanzartawa. Jami'a za ta ba ka lambar fanninka da taƙaitaccen bayanin binciken da za ka yi. Ka kwafe bayanin nan harafi da harafi, kada ka ƙawata shi da naka Turancin. Za a tambaye ka makarantun da ka yi, wuraren da ka yi aiki, muƙalun da ka wallafa, da mutum biyu da suka san ka. Jami'o'i da dama ba sa fitar da CoS sai ATAS ta fito, don haka mai shirin farawa a Satumba da ya bar ta har Yuli ya makara. Masu Global Talent ba a neman ta a wajen bizarsu, wani dalilin ke nan na tambayar da na ce ka yi.

A rana ɗaya da ATAS ka tayar da maganar Turanci. Abin na ba mutanenmu haushi, mutum ya yi karatu da Turanci tun firamare, yana koyarwa da shi, a ce ya kawo shaida. To Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da suke ƙirgawa masu Turanci ne, sai haƙuri. Hanya biyu ce. Ko ka zauna jarrabawar da hukumar ta amince da ita, kamar IELTS na UKVI, wato na hukumar bizar Birtaniya, ba IELTS na neman makaranta ba, don cibiyoyinsu da takardunsu daban ne. Daga 8 ga Janairun 2026 matakin da ake nema ya tashi daga B1 zuwa B2, wanda ba zai gagari malamin jami'a ba. Ko kuma ka tura digirinka ga Ecctis, hukumar da a da ake kira UK NARIC, ta tabbatar ya yi daidai da nasu kuma da Turanci aka koyar da shi. Ni ta biyun nake ba ka shawara, don in za a yi amfani da digirinka na uku wajen sassaucin albashi dole ma sai Ecctis ta tabbatar da shi. Za su nemi satifiket, da tiranskirif, da wasiƙar jami'a mai cewa harshen koyarwa Turanci ne. Ka rubuta wa jami'arka ta Malesiya yau. In kuma da digirin farko na gida za ka yi amfani, ka san yadda fitar da tiranskirif yake a jami'o'inmu, ka je da ƙafarka.

Gwajin tarin fuka shi ne akasin waɗannan, kada ka yi gaggawarsa. Duk wanda ke zaune a Najeriya kuma zai wuce wata 6 a Birtaniya sai ya yi, kuma a asibitin da suka amince da shi kaɗai, irin cibiyoyin IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, na Abuja da Legas. Takardar babban asibitin koyarwa ba ta karɓuwa komai girman likitan da ya sa hannu. Wata 6 take yi ta mutu. Hoton ƙirji ne ga manya, yara 'yan ƙasa da shekara 11 galibi duba su kawai ake yi. Amma in hoton ya nuna wani tabo, ko da na tsohon ciwon da ya warke ne, za a ɗauki kaki a yi gwajin da kan kai mako 8. Don haka in kai ko Hajiya wani ya taɓa shan maganin tari na watanni, ku je da wuri, ku tafi da katin asibitin. In babu wannan tarihi, lokacin da ATAS ke hanya ya isa.

Ita CoS wata 3 take yi daga ranar da aka fitar da ita, kuma ba ka iya neman biza sai ya rage wata 3 ko ƙasa da haka ka fara aiki. Ga mai Satumba, Yuni ne farkon lokacin miƙawa. Kafin nan ake son komai ya taru a hannunka.

Suna da ranar haihuwa

Nan ne ciwonmu mu 'yan Arewa. Wani abokin aiki ya taɓa turo mini takardunsa, na jera su a tebur. Fasfo ya ce Muhammad, digirin farko ya ce Mohammed, na biyu ya taƙaita sunan uba zuwa harafi ɗaya, na ukun da ya yi a waje ya juya sunayen ya mai da na garinsu farko, takardar haihuwar 'yarsa kuma ta kira shi Alhaji Mamman. Mu mun san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke duba fayil a kwamfuta bai sani ba, kuma ba aikinsa ba ne ya yi maka kyakkyawan zato.

Fasfo shi ne alƙali. Yadda sunan yake a cikinsa haka za a rubuta a CoS, a ATAS, a takardar tarin fuka, a fom. Da CoS ta iso ka karanta ta da fasfo a buɗe a gefe, sunaye, ranar haihuwa, lambar fasfo, ranar farawa, albashi. In ka ga kuskure ka mayar a gyara kafin ka danna komai. Inda tsofaffin takardu suka saɓa, ka yi takardar rantsuwa a babbar kotu cewa duk sunayen naka ne, ka haɗa da ɗan gajeren bayani. In fasfon ya kusa mutuwa ka sabunta shi tun kafin a fitar da CoS, ka kuma tabbatar bayanan NIN sun yi daidai da shi, don rashin daidaiton nan kaɗai kan riƙe mutum makonni a ofishin shige da fice.

Iyali

Hajiya da yara uku suna da damar bin ka, kowa da fom ɗinsa da kuɗinsa. Ita tana iya aiki a can, yara kuma makarantar gwamnati kyauta ce. Abin da ba ku da shi shi ne tallafin gwamnati na marasa ƙarfi, an rubuta haka a sharuɗɗan bizar. Auren da aka ɗaura a zaure ko masallaci karɓaɓɓe ne tun da dokar Najeriya ta san da shi, amma sai da takarda. In ba ku da ita ku nema a kotun shari'a ko wurin rajistar aure, in da Hausa ko Larabci take a yi mata fassarar mai fassara da ya sa sunansa da hannunsa. Takardun haihuwar yara su zama na hukumar ƙidaya ta ƙasa, sunanka da nata a rubuce yadda suke a fasfo. Ga sauran masu karatu da ke da mata fiye da ɗaya: mace ɗaya kaɗai dokarsu ke bari ta shigo a matsayin matar aure, kuma yaron da mahaifiyarsa za ta zauna a gida shigarsa na da wuya, don ƙa'idar ita ce iyaye biyun su kasance a can, sai in an nuna kai kaɗai ke da alhakinsa ko akwai wani babban dalili.

Maganar yaron marigayi kuwa, Allah Ya jiƙan mahaifinsa, Ya saka maka da alheri, amma gara ka ji ta yanzu. Riƙo irin namu, wanda a wurinmu ba ya buƙatar ko takarda, dokar shige da ficensu ba ta ɗauke shi a matsayin zama uba ba, kuma ko takardar kotun Najeriya ta ɗaukar yaro ba sa karɓar ta kai tsaye. Za a samu mai ba ka shawarar a yi masa takardar haihuwa da sunanka a wuce wurin. Kada ka yarda. In abin ya tonu, bizar gidan gaba ɗaya ce za ta tafi, har da ta 'ya'yanka. Wannan batu ya wuce ni, na lauyan shige da fice ne mai rajista a Birtaniya, wanda zai dubi ko mahaifiyarsa na raye da kuma wa ke da shi bayan kai. Kafin nan ku zauna da dangi ku tsara inda zai zauna da makarantarsa, a kan cewa ba zai bi ku a tafiyar farko ba.

Kuɗin

Ga lissafin da ejan ba zai yi maka ba. A farashin Afrilun 2025 kuɗin bizar da ba ta wuce shekara 3 ba fam 769 ne kowane mutum, ku biyar fam 3,845. Sai harajin lafiya, wanda tun Fabrairun 2024 yake fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro, kuma na dukkan shekarun ake biya gaba ɗaya ranar cike fom. Kai da Hajiya shekara uku fam 6,210, yara uku fam 6,984. Jimilla ta haura fam 17,000, ba a sa tikitin jirgi ba, ba a sa gwajin tari da Ecctis ba, ba a sa kuɗin ajiyar haya ba, wanda a Ingila kan kai na mako 5. Ka buga wannan da canjin yau ka gani. Farashin kan tashi, sau da yawa a watan Afrilu, don haka ka duba gov.uk ranar da za ka biya.

Akwai kuma kuɗin nuni, wato wanda za ka nuna kana da shi a banki: fam 1,270 naka, 285 na mata, 315 na yaron farko, 200 kowane yaro bayansa, wato fam 2,270. Sai sun kwana 28 a jere a asusu ba su ragu ko da na yini ɗaya ba, kuma da canjin shafin OANDA na ranar da ka miƙa fom ake lissafa nairar. Wanda ya ga abin da ya faru da naira a Yunin 2023 da farkon 2024 ya san dalilin da zai sa ya ajiye fiye da adadin. Mafi sauƙi, ka roƙi jami'ar ta danna a CoS cewa ta tsaya muku a watan farko, kai da iyalin. Da yawa suna yi, kuma in sun yi ba ka buƙatar nuna komai.

Ka tambaye su kai tsaye me suke biya. Wasu na mayar wa ma'aikaci kuɗin bizarsa, wasu har da harajin lafiya, wasu rance marar ruwa suke bayarwa a riƙa cira daga albashi, akwai kuma kuɗin ƙaura. Amma kusan duka sai ka iso ka fara aiki ake biya, kuma galibi naka ne kai kaɗai ban da iyali. Kunya ba ta da amfani a nan, a wurinsu tambaya ce ta yau da kullum. Kuma albashin da ka gani a takarda na shekara ne kafin haraji da inshora da fansho. Shi ya sa nakan ce wa mai iyali ya fara zuwa shi kaɗai, ya karɓi albashin wata biyu ko uku, ya samu gida kusa da makarantar da ke da gurbi, sannan su biyo. Doka ba ta ce sai kun nema tare ba. Neman haya da yara uku daga ɗakin otal, ba ka da tarihin biyan haya a ƙasar, wahala ce da na ga ta jigata mutane masu haƙuri.

Aikinka na gida

Kada ka saki reshe ka kama ganye. Takardar ɗaukar aikin da ke hannunka, in ka karanta ƙasanta, za ka ga an ce da sharaɗin samun izinin aiki a ƙasar. Kafin biza ta fito ba ka da aiki a Ingila. Matsalar ita ce jami'o'inmu kan nemi sanarwar watanni kafin babban ma'aikaci ya tafi, biza kuma ba ta fitowa sai dab da tafiya, don haka lokutan biyu ba sa haɗuwa. Mafitar da na fi gani tana aiki ita ce hutu ba albashi. Ka ɗauko littafin ƙa'idojin aiki na jami'arku ka ga shekara nawa yake bayarwa da ko ana sabuntawa, ka je wurin shugaban sashe da kanka tun kafin ya ji a bakin wani, sannan takarda ta bi ta hannun shugaban tsangaya zuwa rajistara. Kwantiragin shekara uku ne, ba na dindindin ba, kuma gwamnatin Birtaniya ta fitar da shawara a Mayun 2025 ta tsawaita jiran izinin zama na dindindin zuwa shekara 10 ga yawancin ma'aikata. Mai irin wannan kwantiragi yana buƙatar wurin dawowa.

Sai bon ɗin TETFund, wato yarjejeniyar dawowa ka yi wa jami'arku aiki bayan karatu, wanda ban ji ka ambata ba, kuma shekara biyu da dawowa da wuya a ce ka gama shi. Ka ɗauko kwafin da ka sa wa hannu ka karanta shekarun da ka yi alkawari da abin da aka ce za ka biya in ka karya. Ofishin jakadancin Birtaniya ba zai tambaye ka wannan ba, shi ya sa wasu ke sulalewa. Amma akwai mutanen da suka sa hannu suka tsaya maka, ƙila abokan aikinka ne masu jiran fansho, kuma su za a bi. Kuɗin jama'a ne aka kashe don ka dawo ka koyar, ko ka cika alkawarin, ko ka nemi a ɗage maka shi a rubuce, ko ku yi yarjejeniyar biya. Akwai ma dalili na son kai: duk inda ka nemi aiki nan gaba za a nemi shaida daga inda ka baro, kuma wanda aka rubuta wa ya gudu daga aiki ba ya samun ta. In jami'arku ta ƙi ba da hutun, ka nemi ta Ingila ta ɗaga ranar farawa zuwa Janairu. Suna yin haka fiye da yadda mutane ke zato, muddin ka faɗa kafin a fitar da CoS, don bayan an fitar ɗaga ranar da yawa na nufin soke ta a sake wata.

Ni malami ne, ba lauya ba, kuma a Birtaniya ba da shawarar shige da fice a matsayin sana'a sai mai rajista. In an taɓa hana ka biza a ko'ina, ko ka taɓa wuce wa'adi a Malesiya ko Saudiyya ko da na kwanaki ne, ka faɗe shi a fom yadda ya faru, kuma ka nemi jami'ar ta haɗa ka da mai ba ta shawara kan harkar baƙi kafin ka miƙa. Manyan jami'o'i suna da irin wannan ofishi, kuma ba sa karɓar kuɗi a hannun ma'aikacin da suke shirin ɗauka.